Gidan gado da aka yi wa kwaskwarima: Abin da siminti ke ɓoye wa mai saye a Sabon Birni da Isa

Duk wanda ya je neman gidan saye a garin Sabon Birni ko Isa, ko a manyan ƙauyukan da ke kewaye da su, da wuya dillali bai kai shi wani irin gida ba. Ƙofar ƙarfe sabuwa, bango ya sha siminti da fenti, kwano na ƙyalli a sama, wani lokaci har da tayil a ɗakin maigida. Daga waje sai a rantse bara aka gina shi.

Sai an shiga ciki ake gane shekarunsa. Kaurin bangon zaure ya haura kamu guda, ƙofar shigifa sai an sunkuya, ga tsohuwar rijiya a tsakar gida wadda igiyar guga ta cinye wa baki. Gidan gado ne na ƙasa, wanda kaka ko kakan kaka ya gina, aka yi masa kwaskwarima aka fito da shi kasuwa.

Masu son irin wannan gida suna da hujja. Yana tsakiyar gari, kusa da masallaci da kasuwa, ba a bayan gari ba inda sabbin filaye suke, inda kuma maharan daji ke fara taɓawa idan sun shigo. Tsakar gidansa na da faɗi, ya fi sabon ginin bulo sauƙin kuɗi, kuma mutum na iya tarewa da iyalinsa cikin mako guda.

Sai dai farashin ana ɗora shi ne a kan gyaran da ido ke gani. Abin da kan raba mai saye da gidan, ko da kuɗinsa, ba ya cikin abin da dillali ke nunawa. Wani yana bayan simintin, wani kuma yana zaune a Gidan Rumji ko Sakkwato, bai ma san an sayar da gidan ubansa ba.

Yadda gidajen gado suka shigo kasuwa

A da, sayar da gidan gado abin kunya ne a ƙasar Gobir, kamar sauran ƙasar Hausa. Nan aka binne cibiyar mutum, nan ake ɗaura auren 'ya'yan gidan ko da sun daɗe da barin gari, nan ake zaman makoki. Wanda ya sayar, gorin kan bi har jikokinsa.

Gobirawa kuwa sun san zafin rasa gida tun ba yau ba. A 1808 rundunar jihadi ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, wanda kufansa ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yanzu. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle da jama'arsa ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka, sai layin ya ratsa ta tsakiyar dangi. Shi ya sa har gobe da wuya a samu tsohon gida a wannan yanki da ba shi da ɗan'uwa a Nijar.

Abin da ya sauya lissafin a 'yan shekarun nan shi ne rashin tsaro. A watan Mayun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum sama da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A watan Nuwamban 2021 kaɗai, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum 11,500 sun tsallaka zuwa Nijar daga wannan ɓangare na Sakkwato. A watan Disamban shekarar aka ƙona motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni da mutanen cikinta. Sunan Bello Turji ya zama abin da ake faɗa a hankali a kasuwanni.

Wannan ya haifar da tafiya kashi biyu. Mutanen ƙananan ƙauyuka sun kwararo zuwa hedikwatar ƙananan hukumomin da manyan garuruwa, suna neman ko da ɗaki ɗaya. Masu hali na cikin garin kuma, 'yan kasuwa da ma'aikata, da yawa sun kwashe iyali zuwa Sakkwato. Waɗanda suka tafi sun bar gidaje, waɗanda suka zo suna neman gidaje. A tsakanin nan dillali ya samu aiki.

Tsadar kayan gini ta ƙara tura mutane ga tsofaffin gidaje. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon yashi da bulo ya tashi, kuma a farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a sassan ƙasar nan, duk da cewa ga masana'antarsa nan a Kalambaina, a bakin birnin Sakkwato. Wanda ya lissafa bulo da rodi da kwano da katako na ɗaki huɗu, sai ya ga gara ya sayi tsoho da aka gyara.

Abin da ke bayan filasta

Ginin ƙasa ba ginin talauci ba ne, duk da yadda ake kallonsa yanzu. Masallacin Juma'a na Yaama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmou ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. Tsohon garin Agadas kuwa UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Gidan ƙasa da aka gina da kyau, ake kuma kula da shi, yana iya wuce shekara ɗari.

Sharaɗin shi ne kulawar. Maginan dauri suna aza tubali ne a kan tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa, bango ya yi kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa zuwa sama. Sannan a bi shi da yaɓe, a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso da ake haɗawa da katsin marina. Duk shekara ko bayan shekara biyu, kafin ruwa ya sauka, a sake yaɓe, a share indararo. Irin wannan bango yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani.

Siminti ba ya barin wannan ya faru. Ba ya kama ƙasa da kyau, shi ya sa magina ke kafa ƙusoshi ko tsakuwa ko ragar waya a jikin bango kafin su yi filasta. Zafin rana da sanyin dare suna motsa simintin dabam, ƙasar dabam, sai tsaga ta fito, siririya kamar gashi. Ruwan sama ya bi ta nan ya shiga, ya rasa hanyar fita. Bangon na ruɓewa daga ciki alhali fenti na nan fes a waje. Wata rana cikin Agusta sai filastar ta ɓantaro gaba ɗaya, ko bangon ya zauna.

Hanyar gane wannan ba ta buƙatar injiniya. A ƙwanƙwasa bangon da bayan hannu ko da makulli, daga ƙasa zuwa tsayin ƙirji. Inda ya yi ƙarar ganga, filasta ta riga ta rabu da ƙasa. A duba gindin bango ta cikin ɗaki, inda fenti ke kumbura ko farin gishiri ke fitowa. Idan an sa tayil ko an yi daɓen siminti a ɗakin da can daɓen ƙasa ne, danshin da ke fita ta ƙasa yanzu bango yake hawa.

Rufi ya fi bango haɗari, domin shi ke faɗowa kan masu barci. Rufin soro ƙasa ce mai nauyi a kan azara, ita kuwa azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta ɗaukar tazara mai yawa ba tare da ginshiƙi ko bakan gizo ba. Azarar ƙwarai gara ba ta cika cin ta ba, amma ba kowane gida ne aka rufe da ta ƙwarai ba, kuma bakin da ke cikin bango shi ke fara ruɓewa idan ruwa ya daɗe yana zama a kai.

Masu gyara sukan bi ɗaya daga hanya biyu. Wasu su bar soron yadda yake su ɗora kwano a samansa. Wannan yana da daɗin zama, domin ɗakin na riƙe sanyinsa a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Amma idan aka ƙara da silin a ƙasa, an rufe azarar ta sama da ta ƙasa ke nan, ba mai ganin halin da take ciki. Wasu kuma su rushe soron su kafa katako da kwano kai tsaye a kan bangon ƙasa. Nan kuma tambayar ita ce da me aka ɗaure katakon, domin iskar farkon damina a wannan yanki ta saba yaye rufin da ba a ɗaure shi da kyau ba.

Mai saye na da haƙƙin cewa a cire allon silin guda ya leƙa da tocila. Mai gidan da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Gidan da ya shekara sittin ko tamanin ya ga shadda fiye da ɗaya. An cike wasu an manta, kuma ba abin mamaki ba ne sabon ɗakin da aka ƙara lokacin gyara yana zaune ne a kan ɗaya daga cikinsu. A wasu tsofaffin gidaje, musamman na malamai da na sarauta, akwai kabari a cikin gida. Tsofaffin mata na maƙwabta sun fi kowa sanin waɗannan, kuma ba su karɓar la'ada.

Sai ruwa. Yankin nan ne gulaben Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke haɗuwa su zama Rima, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010 ba su manta ba. A tsoffin unguwanni, lungu kan yi ta tashi da shara da cikon da maƙwabta ke yi, har tsakar tsohon gida ta koma ƙasa da hanya. Gidan da aka duba a watan Janairu ba shi ne gidan da za a zauna a watan Agusta ba. Mafi yawan kwaskwarima kuwa da rani ake yin ta, da rani ake sayarwa.

Wanda ke zaune a gida ba lallai shi ne mai gida ba

Matsalar bango kuɗi ke gyara ta. Ta magada ita ce ke kai mutum gaban alƙali shekara da shekaru.

A ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa sun riga shi, ba bashi ba wasiyya. A ce gidan ya kai Naira miliyan 4. Matar na da tumuni, wato 500,000. Saura miliyan 3.5 a kasa bakwai: kowane namiji miliyan 1, kowace mace 500,000. Ke nan babban ɗan da ke zaune a gidan, wanda duk unguwa ke kira maigida, kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya mallaka.

A al'ada ba a cika raba gidan ba. Ana raba dabbobi da hatsi da kuɗi, gona ma wani lokaci, amma gida sai a ce a bar shi na kowa ne. 'Yan'uwa mata suna gidajen aurensu, kunya ba ta barin su tambaya. Shekaru su wuce, wasu magadan su rasu, rabonsu ya gangara ga nasu 'ya'yan da matan. Gidan da mutum shida suka gada sai ya zama na mutum ashirin da wani abu.

A nan ne gyara ke rikitar da tunani. Babban wan da ya kashe kuɗinsa ya yi filasta, ya sa kwano da ƙofar ƙarfe, a ransa yana jin gidan ya zama nasa. Maƙwabta ma haka suke gani. Amma kuɗin gyara ba ya ƙara masa ko taƙi ɗaya a rabonsa na gado. Abin da ya kashe magana ce dabam da za a yi lissafinta tsakaninsa da 'yan'uwansa. Idan ya sayar da gidan gaba ɗaya ba da yawunsu ba, ya sayar da abin da ba nasa ba, kuma kowannensu na iya tashi ya ce bai yarda ba.

Ko da rabonsa kaɗai ya sayar, akwai abin da fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na jihar Sakkwato ke aiki da shi, ke kira shufu'a. Ma'anarta, idan mutane sun yi tarayya a gida ko fili da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayya na da damar biyan kuɗin da baren ya biya ya karɓe kason. Maƙwabci ba shi da wannan dama a mazhabar Malik, sai abokin tarayya.

Abin da ya kamata mai saye a Sabon Birni da Isa ya riƙe shi ne bambancin da malamai suka yi tsakanin wanda ke gari da wanda ba ya nan. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a duk faɗin yankin, ta nuna cewa wanda yake nan ya yi shiru har shekara ta wuce, damarsa ta faɗi. Wanda ba ya nan kuwa damarsa na nan ko da ya daɗe bai dawo ba.

A zamanin zaman lafiya wannan hukunci kan shafi ɗan ci-rani ɗaya ko biyu. Yau kuwa kusan kowane gida na da wanda ba ya nan: ƙanwa da mijinta ya gudu da ita yankin Gidan Rumji, ƙane da ke faci a Legas ko haƙar zinari a wata ƙasa, marayun ɗan'uwa da ke hannun dangin uwa a Bangi ko Madawa. Duk ranar da hanya ta yi kyau, za su dawo su tarar da baƙo a zauren ubansu.

Haka ma batun hauzi, wato daɗewar mutum yana riƙe da wuri. Wasu masu saye kan kwantar da hankalinsu da cewa idan suka shekara goma a gida ba mai iya tayar da su. Wannan wa'adi yana aiki ne a kan wanda yana nan, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru. Wanda bindiga ta kora ba a lissafa shi cikin masu shiru.

Akwai mafi nauyi. Wasu magadan an sace su, ba a sake jin labarinsu ba, ba gawa ba saƙo. A shari'a irin wannan mutum ba a ɗaukarsa mamaci don kawai an gaji da jira. Dukiyarsa na nan a matsayin tasa har sai alƙali ya yanke hukunci. Iyali ba su da ikon zama a tsakar gida su raba kasonsa su sayar. Kason maraya ma haka, sai da wasiyyi ko izinin alƙali. Matar da ke takaba kuma tana da haƙƙin zama a ɗakinta har ta cika wata huɗu da kwana goma.

Gidan da aka sayar don kuɗin fansa

Wani lokaci arahar gida ita ce abin tsoro. Sanannen abu ne a gabashin Sakkwato cewa iyalai kan sayar da shanu, su sayar da gona, idan bai isa ba su sayar da gida, don haɗa kuɗin fansar wanda ke hannun 'yan bindiga. Wa'adin kwanaki ake bayarwa, don haka duk abin da aka taya sai a sallama.

Mai kuɗi a hannu na iya ganin ya samu garaɓasa, har ya ce taimako ya yi. Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna cinikin wanda azzalumi ya matsa wa ya biya kuɗi har ya sayar da kadararsa, kuma sun saɓa. Wasu sun ce cinikin bai lizimce shi ba, yana iya dawowa ya nemi kayansa. Wasu sun ce ya lizimta, domin idan aka ce ba ya ɗauruwa ba wanda zai yarda ya saya, wanda ke tsare kuma ya halaka. Duk ɓangaren da alƙali ya bi, wanda ya sayi gida a rabin kuɗinsa daga hannun mai kuka ya sayi gaba da dangi guda, kuma a gari ɗaya za su zauna.

Wasu gidajen da aka yi wa kwaskwarima ta wannan hanya suka biyo. Wani ya saya da araha a lokacin matsi, ya shafa siminti da fenti, ya fito da shi a sabon farashi. Mai saye na biyu bai san komai ba, amma shi za a tarar a gidan. Tambayar wane ne ya sayar wa mai sayarwa, yaushe, kuma a wane hali, ba rashin kunya ba ce.

Takarda da shaidu

Galibin tsofaffin gidajen ƙauye ba su da takardar gwamnati ko ɗaya. Shaidarsu ita ce kowa ya san gidan wane ne. Ciniki kuma yadda aka saba shi ne a yi tayi, a yi albarka, a sallama, a ba da kafin alƙalami, sannan a rubuta takarda da sa hannun shaidu da mai unguwa da hakimi, wani lokaci har uban ƙasa, wanda a Kano ko Katsina shi ake kira hakimi.

Wannan takarda na da amfani, amma shaida ce cewa an yi ciniki, ba shaida ce cewa mai sayarwa shi kaɗai ne mai gida ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, ta kuma ce sai da amincewar hukuma ake sauya hannu. Mutane da yawa ba su bi ta nan, sai rigima ta taso.

Hatimin sarauta ma ba ya rufe kowace ƙofa. A watan Afrilun 2024 gwamnatin Sakkwato ta tuɓe iyayen ƙasa 15, kuma cikin dalilan da ta ambata a kan wasunsu akwai badaƙalar filaye. Kujera na sauya mai zama, wanda ya zo kuma ba dole ne ya san abin da na gabansa ya sa wa hannu ba.

Takardar da ta fi kowace nauyi a cinikin gidan gado ita ce ta rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, wadda ta lissafa magada da sunayensu da kason kowa. Idan babu ita, mai saye na iya sa sharaɗin a je a yi kafin ya biya. Wanda ke nesa ya aiko da wakilci a gaban shaidu. A zamanin nan ana kiran mutum a waya a saka shi a lasifika gaban jama'a, ana kuma ajiye saƙon murya na WhatsApp, amma waɗannan ƙari ne a kan wakilci, ba madadinsa ba. Mata kuma a ji daga bakinsu. Cewar babban wa "na yi magana da su, sun yarda" ita ce jimlar da ta fi kowace jefa masu saye cikin shari'a.

Sannan a rubuta aibin gidan a cikin takarda. Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye na da hanyar neman haƙƙinsa idan aka ɓoye masa. Amma tabbatar da cewa bangon ya riga ya ruɓe kafin ciniki, bayan damina biyu ta wuce, aiki ne ja.

Gidan ƙauye da hanyar zuwa gare shi

Duk abin da aka faɗa ya fi sauƙi a cikin garin Isa ko Sabon Birni. A ƙauyukan da ke nesa da titi, lissafin ya juye. A can akwai gidaje masu kyau, wasu an gyara su da kuɗin ci-rani kafin abubuwa su lalace, da rumbuna da garka da turken dabbobi, waɗanda yau ba mai tayawa.

A ƙasar Italiya ma akwai ƙauyukan da suka wayi gari da gidaje ba mutane, har garin Sambuca da ke tsibirin Sisili ya sa wasu a kasuwa a kan Yuro ɗaya a 2019, da sharaɗin mai saye ya gyara. Can matasa ne suka tafi birni neman aiki, kuma tsufan gida shi ne abin talla. A nan tsufan ake rufewa da siminti, masu gidan kuma ba da son ransu suka tafi ba.

Masu sayen irin waɗannan gidaje galibi 'yan asalin ƙauyen ne da ke zaune a wani wuri, masu fatan komawa, ko maƙwabcin da ke son faɗaɗa nasa. Caca ce a kan zaman lafiya. Gidan ƙasa kuwa ba ya jira. Idan ba kowa a ciki, ba mai share indararo, ba mai toshe tsaga, damina biyu ko uku sun isa su mayar da shi kango, da filastarsa da fentinsa.

Akwai kuma abin da mutanen yankin suka sani ba sai an faɗa musu ba. A wurin da masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke cikin jama'a, sabon fenti da kwano mai ƙyalli sanarwa ce. Labarin cewa wane ya sayi gida na miliyoyi kan riga shi isa gida. Shi ya sa ake son biya ta banki maimakon ɗaukar kuɗi a jaka, da taƙaita masu sanin farashi, ko da yake wannan na karo da buƙatar tara shaidu. Wasu ma sun gwammace su gyara cikin gida su bar fuskarsa ta waje da tsohon yaɓenta.

Hanyar kanta tana cikin kuɗin gidan. Titin Marnona zuwa Isa da ya ratsa dajin Gundumi ya daɗe yana cikin waɗanda direbobi ke gudu. A kan hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni ne aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a ƙarshen watan Yulin 2024, yana dawowa daga Sakkwato, kuma a watan Agusta aka tabbatar da rasuwarsa a hannun waɗanda suka sace shi. Ɗan asalin yankin da ke aiki a Sakkwato ko Abuja, wanda ya sayi tsohon gida da niyyar zuwa Sallah da hutun ƙarshen mako, wannan hanyar zai riƙa bi.

Shi ya sa da yawa cikin irin waɗannan masu saye ba su tarewa. Sukan zuba 'yan gudun hijira a gidan, dangi ko waɗanda mai unguwa ya tsaya musu, kyauta ko a kan haya kaɗan, da sharaɗin su riƙa share magudanar ruwa su kuma sanar idan bango ya tsage. Wannan ma sai a rubuta shi a gaban shaidu, a bayyana cewa aro ne ko haya, da ranar da aka shiga.